Haikali Cikin Dusar Ƙanƙara: Tarihin Hotunan Bugun Katako na Japan

Tun kafin na'urar ɗaukar hoto ta isa ƙasar Japan, mutanen birnin Edo, wanda a yau ake kira Tokiyo, sun gwanance da wata sana'a ta buga hotuna da allunan katako, wadda ba ta kammaluwa sai da hannun mutum huɗu: mai zane, da masassaƙin da ke bin zanen da wuƙa bisa itacen ceri, da mai bugu, sa'an nan attajirin da ke ɗaukar nauyin aikin ya kai shi kasuwa. Kowane launi da allonsa, mai bugu kuwa yakan shafa launin, ya ɗora takarda, ya goga bayanta da wani abu kamar ɗan faifai, ya maimaita haka allo bayan allo har sura ta bayyana.

A 1856 gwaninsu Hiroshige ya fitar da hoton haikalin mabiya Buda na Asakusa, inda mai kallo ke tsaye ƙarƙashin wata babbar fitilar takarda yana hangen harabar da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Abin da ya fi ba ni al'ajabi shi ne, farin nan da ke bisa rufi da rassan itatuwa ba launi ba ne da aka shafa, takardar ce kanta aka bari fara, masassaƙi ya rarake gurbinta don kada tawada ta taɓa ta. Hakika wannan bawan Allah ya cancanci yabo daidai da mai zanen, alhali kuwa sunansa ba safai ake tunawa da shi ba.

Da zamani ya juya bayan 1868, injinan ɗab'i suka yawaita, sana'ar ta yi rauni ƙwarai, har wani attajiri mai suna Watanabe Shozaburo ya tashi da himmar raya ta, ya jawo wani mai zane, Kawase Hasui. Ranar 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa ta afka wa Tokiyo, gobara ta cinye shagon Watanabe da allunansa, ta haɗa da gidan Hasui da littattafan zanensa. Amma duk da girman wannan musiba, shekara biyu kacal bayanta, a 1925, suka fitar da hoton haikalin Zojoji, wata mace ta sunkuya ƙarƙashin laima tana ratsa iska da dusar ƙanƙara a gaban jar ƙofa. Ƙofar nan an gina ta a 1622, ta kuma tsira daga bama-baman 1945 da suka ƙone babban ɗakin ibadar.

A 1953 hukumar Japan ta sa Hasui ya sake zana Zojoji cikin ƙanƙara, aka adana matakan aikin ɗaya bayan ɗaya domin na baya. Ya rasu a 1957, kuma hotonsa na ƙarshe, na haikalin Hiraizumi a lokacin sanyi, sai bayan rasuwarsa aka fitar da shi.