G-quadruplex: Ƙullin DNA da Sinadaran da Ke Sauya Masa Siffa

Siffar DNA da aka fi sani ita ce ta igiya biyu a murɗe, wadda James Watson da Francis Crick suka bayyana a 1953. Amma inda guwanin, ɗaya daga cikin sinadarai huɗu da ake rubuta saƙon gado da su, ya yi yawa, igiyar kan naɗe ta yi ƙullin da ake kira G-quadruplex. Guwanin huɗu ne ke haɗuwa su shimfiɗu kamar faifai, fayafayan su hau kan juna, fotasiyam ya zauna a tsakani ya riƙe su. A 2013 masana a Jami'ar Cambridge da ke Ingila suka nuna ƙullin a ƙwayoyin jikin ɗan Adam.

Maganin kansa

Wasu ƙananan sinadarai masu faɗi kan zauna a saman faifan kamar murfi, su hana ƙullin warwarewa. Misali shi ne telomestatin, wanda aka samo daga ƙwayoyin bakteriya a Japan a 2001. Yakan kulle ƙullin da ke ƙarshen igiyar DNA, sai telomerase, sinadarin da yawancin ƙwayoyin kansa ke dogaro da shi don ci gaba da yaɗuwa, ya rasa wurin kamawa. An kuma gwada wani magani, CX-5461, a kan masu kansa a Kanada.

Gano gubar dalma

Dalma ta fi fotasiyam riƙo. Tana shiga sai ta ture shi, ƙullin ya ƙara matsewa. Masana sun mayar da wannan hanyar gwaji: idan hemin, wani sinadari dangin na jini, ya manne wa ƙullin, ruwan gwajin kan yi launi, da dalma ta sauya siffar, riƙon hemin kan yi rauni, launin ya dusashe.

Zamfara ta san amfanin gano dalma da wuri. A 2010 gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Dalma ba ta da wari, kuma ido ba ya rarrabe ta da sauran ƙura. Shi ya sa ake neman gwaji mai araha da za a iya yi wa ruwan rijiya ko ƙasar tsakar gida a ƙauye, kafin yaro ya fara jijjiga.