Daga Wasiƙar Direba Zuwa Wayar Komai-da-Ruwanka

'Yan uwa mazauna Samaru Kataf, yaranmu na yanzu ba su san wahalar da muka sha kafin saƙo ya kai gida ba. A da, in aka yi mana haihuwa ko rasuwa, sai dai mu rubuta wasiƙa mu ba direban da zai tafi Zariya ko Kano, ko mu niƙi hanya zuwa Kafanchan neman wayar NITEL. Sau nawa aka yi sadakar uku kafin dangi su ji labari?

A watan Janairun 2001 ne hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Lokacin nan layi kawai sai mai hali, kira kuwa naira 50 minti ɗaya, ko da gaisuwa ka yi ka kashe. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sai farashi ya fara sauka. Nan muka koyi filashin, muka san 'yan lema masu kiran kuɗi, da hawa tudu neman sabis.

Nokia 3310 ce sarauniyar farko, sannan 1100 mai tocila, wadda ta yi mana rana a daren da babu wuta. Daga baya 'yan Caina masu layi biyu da ƙarar tsiya suka cika kasuwa, ana ɗura musu wa'azi da waƙoƙi. BlackBerry ta yi ɗan zamaninta wajen 'yan boko, har Tecno da itel da Infinix suka sa babbar waya a hannun talaka.

Amfanin bai ɓuya ba. Mai sayen citta yana jin farashin Kano kafin ya ɗaure buhu. Lokacin ƙarancin takardun naira a 2023, taransifa ce ta riƙe cinikinmu.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. A rikicin Zangon Kataf na 1992 jita-jita a ƙafa take tafiya. A Afrilun 2011, da wuta ta tashi a Kafanchan da Zonkwa, waya ta ceci rayuka, ita ce kuma ta yaɗa ƙarya cikin dare guda. Yau a WhatsApp da Facebook, hoton wata ƙasa ma sai a ce a bayan gari aka ɗauka.

Mu da maƙwabtanmu Atyap kasuwa ɗaya muke ci, hanya ɗaya muke bi. Don haka, duk saƙon da ba mu tabbatar ba, ya tsaya a hannunmu. Iyaye kuma a riƙa duba abin da yara ke turawa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.