Ranar Da Kan Intanet Ya Cika



Duk wanda ya saba da tashar mota ta Jega ya san aikin ɗan kamasho. Ka ce Aliero za ka, ya nuna maka motocin hanyar Sakkwato. Ka ce Maiyama, ya tura ka wajen na Koko da Yawuri. Irin wannan aikin wata na'ura mai suna rauta take yi a intanet: saƙo ya iso, ta duba jerin hanyoyin da ta haddace, ta tura shi inda ya dace. Manyan rautocin kamfanonin sadarwa kuwa hanyoyin duniya gaba ɗaya suke riƙewa a ka, kuma kullum jerin ƙaruwa yake yi.

A shekarar 2014 hanyoyin sun kai wajen 500,000. Tsofaffin rautocin Cisco, irin su 6500 da 7600, an saita su tun daga masana'anta su riƙe kimanin 512,000 kawai a ƙwaƙwalwarsu mai saurin aiki. Kamfanin ya yi gargaɗi tun watan Mayu, amma da yawa ba su motsa ba. Ranar Talata, 12 ga Agusta, kamfanin Verizon na Amurka ya saki ƙarin hanyoyi kusan 15,000 na ɗan lokaci. Nan take jerin ya zarce iyaka. Rautocin da ƙwaƙwalwarsu ta cika suka koma tafiyar hawainiya, wasu suka riƙa zubar da saƙonni, shafuka da dama suka ƙi buɗewa.

Abin takaici, yawancin na'urorin suna da sauran wuri, an dai ware shi ne don wani aikin daban. Maganin shi ne a sake raba ƙwaƙwalwar, a kashe na'urar a kunna. Tsoron wannan ɗan tsaikon ne ya sa aka yi ta jinkiri har abin ya faru. A 2019, da aka tunkari iyaka ta gaba, wato 768,000, an shirya tun da wuri, ranar ta wuce ba wata hayaniya.

Ni ma na ɗanɗana ƙaramin kwatankwacinsa lokacin da nake koyon aiki a wani shagon intanet a Jega. Ana tsakiyar rajistar JAMB, na ɗora wa tsohuwar rautarmu sabuwar manhajar da ta fito, a zatona sabo ya fi. Ashe ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwarta. Sai ta riƙa mutuwa tana tashi, ga ɗalibai daga Aliero da Maiyama zaune, kuɗin motarsu na komawa kawai ya rage. Da maigidana ya iso, bayanan da na'urar take ajiyewa ya fara karantawa, ya ga saƙon ƙarewar ƙwaƙwalwa, ya mayar da tsohuwar manhajar da ta daɗe tana aiki lafiya.

Tun daga ranar, kafin in sauya manhaja sai na duba girman ƙwaƙwalwar da take bukata, in karanta abin da aka gyara a cikinta, in adana tsohuwar a gefe. Kuma ba na taɓa na'ura a ranar da mutane suke jiran ta.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.