Makarantar Zanen Gini ta Zariya: Yadda Ta Kafu, da Bashin da Kudancin Kano Ke Bin Ta

A shekarar 1952 Turawan mulki suka buɗe Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, mai rassa uku: Ibadan, Inugu da Zariya. A reshen Ibadan aka fara koyar da zanen gini, karo na farko a ƙasar nan. Darasin bai yi tsawon kwana a can ba. A 1955 aka kwashe shi tare da sashen zane-zane aka kawo su Samaru, bayan garin Zariya, inda a lokacin gonaki suka fi gidaje yawa. Wannan ƙaura ce ta haifi makarantar da ta yaye manyan masu zanen ginin Arewa, kuma a cikinta ne karatun digiri na biyu a wannan fanni ya fara kafuwa a Nijeriya.

An sauke makarantar kusa da babban malami, sai dai an daɗe ba a gaishe shi ba. Cikin birnin Zazzau akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Duk wanda ya shiga tsohon ɓangarensa ya ɗaga kai zai ga yadda ginshiƙan ƙasa suka miƙe, suka ranƙwafo suka haɗu a sama. Azara ce a cikinsu, gajeru-gajeru, an jera su ɗaya na ɗan zarta ɗaya, an ɗaure, an lulluɓe da ƙasa, har bakan ya rufe. Babu ƙarfe, babu siminti, ga faɗi, ga sanyi. Amma manhajar da aka kawo Samaru daga Landan ta zo. Ɗalibi yana karatu ne da idonsa a kan jarabawar ƙungiyar masu zanen gini ta Ingila, domin shaidar kwalejin tana ɗauke masa wasu matakan wannan jarabawa. Tarihin ginin Girka da Rum ya fi kusa da allonsa a kan soron da ke bayan katangar makaranta.

Waɗanda suka fara ɗaga murya ɗaliban sashen zane-zane ne. A 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu, suna cewa a auri dabarar Turai a haɗa da abin gida. Nwoko bai karanta zanen gini ba, amma daga baya ya gina majami'ar 'yan Dominika a Ibadan da kayan da ƙasar ke bayarwa, kuma a 2023 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta baje kolin gine-gine na birnin Banis a Italiya. Tambayar da suka yi ta tsallaka baranda ta shiga ɗakin masu zanen gini, ko da yake amsar ta ɗauki shekaru.

Ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ta gaji filin kwalejin da malamanta da ɗalibanta. Difloma ta koma digiri. A 1963 aka yaye rukunin farko, cikinsu har da Ekundayo Adeyemi, wanda ya dawo ya koyar, ya shugabanci sashen, ya zama farfesan zanen gini na farko ɗan Nijeriya. A waje kuma sana'ar tana tsayawa da ƙafarta: an kafa ƙungiyar masu zanen gini ta ƙasa a 1960, sannan dokar soja mai lamba 10 ta 1969 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista.

Shekarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan tarihi ita ce 1968. A lokacin, Farfesa Ishaya Audu na shugabancin jami'ar, sashen ya saki igiyar da ta ɗaure shi da Landan, ya raba karatun hawa biyu: digiri na farko, sannan digiri na biyu na shekara biyu. A takarda gyaran tsari ne kawai. A aikace kuwa ya sauya irin mutumin da makarantar ke fitarwa. Mai digiri na farko ya iya riƙe fensir, ya san lissafin nauyi, ya san yadda ake zana tushe da linta da rufi. Mai digiri na biyu dole ya zaɓi matsala guda, ya bar situdiyo ya je inda take, ya auna, ya tambayi mutane, ya rubuta kundi, ya zana maganinta, sannan ya manna zanensa a bango ya tsaya gaban alƙalai ya kare shi. Matsalar da zai iya kaiwa gare ta da kuɗin mota kuwa ta gida ce: kasuwa, tasha, asibitin ƙauye, makarantar allo, gidan gandu mai iyali talatin. Ta wannan ƙofa ƙasar Hausa ta shiga manhaja. Har yau wannan tsari ne ke aiki, kuma ba a yi wa mutum rajistar akitek sai ya gama hawa na biyun, ya yi aiki ƙarƙashin na gaba da shi, ya ci jarabawar ƙwararru.

Gyaran ya zo a kan gaɓa. An ƙirƙiri jihohi 12 a 1967, yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuɗin mai ya shigo, kowace jiha tana neman sakatariya da asibitoci da makarantu. Babu inda aka ga ƙarfin wannan zamani kamar kudancin Kano. Tsakanin 1971 da 1974 gwamnatin Jihar Kano ta Audu Bako ta datse Kogin Kano a Tiga, cikin ƙasar Bebeji, aka tara tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 178, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura, aka gina otal a kan dutsen Tiga, aka gina wani a bakin tafkin Bagauda, otal ɗin da yau ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi. Ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, mutane suka tashi, aka sake musu matsuguni. Injiniya yana iya tare kogi, amma ina za a sa rijiya a sabon gari, ina makabarta, ina burtali, wace fuska zaure zai kalla, nawa ne kuɗin kowane ɗaki? Waɗannan tambayoyi sun fi ƙarfin sashe guda. Irinsu ne suka sa abin da ya fara ƙarami a Samaru ya zama Tsangayar Tsara Muhalli, mai sassan zanen gini, fasahar gini, ƙiyasin kuɗin gini, tsara birane da yankuna, safiyo, zane-zane, da tsara kayan masana'antu irin su tangaran da gilashi da yadi. Kowannensu kuma ya buɗe nasa karatun gaba da digiri, har zuwa digiri na uku.

Ɗaliban wancan lokaci ba su nemi aiki ba, aiki ne ya neme su, musamman bayan an yanke shawarar gina Abuja a 1976. Namadi Sambo, wanda ya gama digirinsa na biyu a sashen a 1978, ya yi aikin zanen gini shekaru kafin ya zama gwamnan Kaduna a 2007 da mataimakin shugaban ƙasa a 2010.

Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne binciken da aka yi kan ginin gargajiya, domin shi ne gudummawar da Zariya ta bayar wadda wata makaranta ba za ta iya bayarwa ba. Friedrich Schwerdtfeger, Bajamushen da ya koyar a sashen, ya bi gidajen birnin Zazzau ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, yana rubuta wa ke kwana a wane ɗaki, yaushe aka ƙara shigifa, yaushe ɗaki ya rushe bayan mai shi ya rasu. Littafinsa na 1982 ya kwatanta gidajen Zariya da na Ibadan da na Marrakesh, ya nuna cewa gidan Bahaushe yana girma yana raguwa tare da iyalin da ke cikinsa. Hamman Tukur Sa'ad, malami a sashen wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Fasaha ta Minna, ya zauna da magina da kansu, ya tambaye su abin da suke kira kyau a gini, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kai a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1981. A Jos kuma Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, ya auna gine-ginen gargajiya na faɗin Nijeriya, ya kafa gidan tarihin da aka sake gina kwatankwacin masallacin Babban Gwani a cikinsa. Saboda irin wannan aiki ne ɗalibin yau ke iya rubuta ɗaurin guga da bakan gizo da zanko da makuba a kundinsa ba tare da wani ya ce ya kauce hanya ba. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce, kuma ta sashen ce.

Daga tsakiyar shekarun 1980 abubuwa suka tsananta. Tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, malamai 'yan ƙasashen waje suka tattara, littattafai da mujallu suka daina zuwa yadda aka saba. Sashen ya tsaya ne a kan waɗanda ya yaye da hannunsa. Sannan kwamfuta ta shigo ta ture teburin zane da alƙalamin tawada. Aikin da ke cin mako guda ya koma na kwana ɗaya.

Rassa kuma suka fito. Jami'ar Bayero, wadda ita ma ta fara rayuwa a matsayin kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kafin ta tsaya da kanta a 1977, tana da sashen zanen gini. Haka Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, da ta fara karatu a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Da yawa daga malamansu a Samaru suka yi digiri na biyu ko na uku. Yaro daga Kiru ko Tudun Wada da ke son wannan sana'a ba sai ya bar jiharsa ba.

To amma me ya iso garuruwan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa daga duk wannan? Bebeji da Kiru suna bakin babbar hanyar Kano zuwa Zariya, motocin malamai da ɗalibai na wucewa ta Kwanar Ɗangora kullum, ilimin kuma yana wucewa tare da su. A ƙauye har yanzu mai gida da birkila ne ke yanke komai a tsaye, da ƙafa ake auna ɗaki. Ana buga bulo da yashi mai yawa da siminti kaɗan, don buhu ya yi auki. Ka murza gefensa da yatsa ya zubo. Ana ɗora kwano babu sili, ɗakin ya gagari kwana a watan Afrilu. Tsohon ginin ƙasa kuma an daina yi masa yaɓe duk shekara, an daina gyara indararo, sai damina ta jiƙa gindin bango ya zauna. Kuma yankin ba iri ɗaya ba ne. Yayin da ka nausa kudu, ka ratsa dajin Falgore ka shiga Doguwa, ruwan sama ya fi yawa, damina ta fi tsawo, ƙasa ta koma tuddai da duwatsu har Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Soron da zai yi shekaru a arewacin Kano yana bukatar wata dabara a can: tushen dutse, rufi mai zarta bango, hanyar ruwa. Giginyar da ake fasa azara da ita ma ta yi ƙaranci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundin digiri na biyu, mai awo da gwaji da lissafin kuɗi.

Ba mafarki ba ne, domin an yi a ƙasar Hausa. A Dandaji, cikin jihar Tawa ta Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Da maginan garin suka yi aikin. Tsohon masallacin kuwa aikin Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. A Burkina Faso, Francis Kéré ya fara da makarantar firamare ta ƙasa a ƙauyensu Gando a 2001, ya kai ga lambar Pritzker a 2022. Jar ƙasar Kiru ba ta gaza tasu ba.

An yi bincike mai yawa a Samaru kan tubalin ƙasa, da zafin ɗaki, da ingancin bulo. Matsalar ita ce yana kwance da Turanci, cikin kundaye masu baƙin bango, a kantocin sashe da na Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, maginin Bebeji kuwa ba zai taɓa buɗe su ba. Gyaran ba mai tsada ba ne. Tsangayoyin Zariya da Kano da Wudil suna iya wajabta wa duk wanda ya yi bincike a ƙasar Hausa ya taƙaita sakamakonsa da Hausa a shafi biyu, da zane, a kai wa sashen ayyuka na ƙaramar hukumar da abin ya shafa da Sarkin Maginan garin. Ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa kuma, da suke gina azuzuwa da ɗakunan shan magani kowace shekara, suna iya ware aji guda su miƙa wa ɗalibin digiri na biyu da malaminsa, a gina shi da ƙasar wurin, a sa ma'aunin zafi a ciki da kuma a ajin bulo na kusa da shi, a rubuta abin da aka kashe a kan kowanne, a dawo bayan damina uku a duba bangon.