Ƙasusuwan Gobero: tarihin da ba a rubuta da alƙalami ba

Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, kwarangwal ɗin manyan dabbobin zamanin da ne ke fara ɗauke masa hankali, irin waɗanda Philippe Taquet ya soma tonowa a Gadafawa tun 1965. Amma a ganina ƙasusuwan da suka fi cancantar mu tsaya a kansu na ƴan Adam ne, waɗanda rairayin Tenere ya ɓoye a Gobero.

A shekara ta 2000 ne ayarin Paul Sereno na jami'ar Cikago ya ci karo da wurin, alhali ƙasusuwan dabbobi suka fita nema. An yi tono a 2005 da 2006, tare da masanan ƙasarmu Umaru Ide da Abdullahi Maga, aka bayyana sakamakon a 2008: kaburbura kimanin 200 a bakin wani tabki da ya ƙafe tun tuni.

Ta yaya ƙashi ke ba da labari? Baligi yana da ƙasusuwa 206. Jariri ya fi shi yawa, domin wasu sai a hankali suke haɗewa, kuma wannan haɗewar, tare da fitowar haƙora, ita ke nuna shekarun yaro. Ƙashin ƙugu na mace ya fi faɗi saboda haihuwa. Tsawon ƙashin cinya yana faɗin tsayin mutum, gurbin da tsoka ta bari a jikinsa kuwa yana faɗin irin aikin da ya sha. Maɗoran gargajiya sun san rabin wannan da tafin hannu, kuma kalmomin nan duka, haƙarƙari, ƙwauri, muƙamuƙi, ɓargo, guringuntsi, Hausa tana da su, ko da yake a lakkwal da Faransanci kaɗai muke koyar da su.

Da wannan karatu aka rarrabe al'umma biyu. Na farko, da ake kira Kifiyawa, sun zauna daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa. Dogaye ne ƙarfafa, wasu sun kusa mita 2, masunta masu kama giwar ruwa da mashin ƙashi. Ana binne su a dunƙule, gwiwa a ƙirji. Sai fari na kusan shekara 1000 ya kore su. Da ruwa ya dawo, wajen 5200, wasu mutane suka zo, gajeru sirara, suka riƙa binne nasu a makabarta guda da ta na farko.

Cikin waɗannan na biyu akwai yarinya da ke sanye da munduwar hauren dorina a damtse. Akwai kuma kabarin da ya fi kowane suna: mace da yara biyu, ɗan shekara 5 da ɗan shekara 8, suna fuskantar juna, hannuwa a sarƙe, tun shekaru kusan 5300. Ƙurar furannin da aka samu ƙarƙashinsu ta sa ake zaton a kan furanni aka kwantar da su. Ba a ga rauni a ƙasusuwansu ba.

Na san a al'adarmu tona kabari abin ƙyama ne, kuma ba na raina wannan. Sai dai a Gobero iska ce ta riga kowa tonawa, tana yaye rairayi tana niƙe abin da ta yaye. Tambayar da ta rage ga ƙungiyoyinmu ita ce inda waɗannan mamata za su kwanta bayan bincike, kuma ni dai ban ga wurin da ya dace da su ba in ba Yamai ko Agadas ba.