Daga Lanƙwasa Baya Zuwa Tsayuwa a Kan Iska

Ranar 28 ga Afrilu, 1919, a filin jirgin McCook da ke Dayton a Amurka, Leslie Irvin ya diro daga jirgin sama da laimarsa a naɗe a baya. Sai da ya rabu da jirgin sannan ya ja igiya da hannunsa, laima ta buɗe. Ya karya idon sawu wajen sauka, amma ya kashe wata tsohuwar gardama, domin a lokacin mutane da yawa sun ɗauka duk wanda ya faɗo ta sararin sama hankalinsa gushewa zai yi. Hankali dai bai gushe ba. Jiki ne ya ƙi biyayya, kuma aka kwashe kusan shekara talatin ana fama da shi.

Masu dira na wancan zamani iska ce ke juya su yadda ta ga dama. Wani ya buɗe laima yana wuntsilawa, igiyoyi su harɗe masa ƙafa. A ƙarshen shekarun 1940 wani sojan laima na Faransa, Léo Valentin, ya yi fice da kwanciyar da ta magance wannan: mutum ya fuskanci ƙasa, ya baje hannuwa da ƙafafu, ya tura ƙugu ƙasa, ya lanƙwasa baya. Da zarar nauyin jiki ya koma ƙasa, gaɓoɓi suka yi sama, iska da kanta take daidaita mutum. Valentin ya rasu a 1956 a Liverpool yana gwada fukafukan katako, amma kwanciyar tasa ita ake fara koya wa kowane ɗalibi har gobe.

A kan wannan kwanciya ta ruf-da-ciki aka gina wasan dira da laima na tsawon shekara arba'in. An yi gasar duniya ta farko a Bled a 1951, daga baya aka koyi riƙe hannun juna a sama ana zana siffofi, har mutum 400 suka haɗu wuri ɗaya a Udon Thani ta ƙasar Tailan a 2006. Gudun faɗuwa a haka kusan kilomita 200 ne a awa, kuma daga tsayin mita 4,000 mutum yana da kimanin minti ɗaya kafin ya buɗe laima. Abin da ake nema a jiki shi ne laushin kwankwaso da gadon baya. Idan ɗalibi ya rikice, maganarsa ɗaya ce a bakin malami: lanƙwasa, iska za ta gyara ka.

Wani Bajamushe, Olav Zipser, shi ya rushe wannan kwanciyar hankali tun daga ƙarshen shekarun 1980. Ya riƙa faɗowa a zaune, a tsaye, da kuma kai a ƙasa ƙafa a sama, salon da ya zama firifilai. A 1992 suka kafa ƙungiyar Freefly Clowns shi da Mike Vail, daga baya Omar Alhegelan ɗan Saudiyya da Charles Bryan da Stefania Martinengo suka shigo, suka kuma buɗe makarantar farko ta koyar da salon. Zipser har ƙwallo yake jefawa mai cike da dalma, wadda ke faɗowa a miƙe da gudu ɗaya, don a gane ko mutum ne ke sarrafa jikinsa ko yawo kawai yake yi a sama. Wanda ya iya tsayawa kusa da ita ya kama ta, ya ci jarrabawa.

A nan ne lissafin jiki ya sauya gaba ɗaya, kuma a ganina nan ne tarihin ya fi daɗin bibiya. Zama a kan iska ko tsayuwa da ka ba su da daidaito na kansu. Ka saki jiki, iska ta kifar da kai. Gudu yana kaiwa kilomita 250 zuwa 300 a awa, lokacin faɗuwa ya ragu zuwa daƙiƙa 45 ko kusa da haka. Mai zama dole cinyoyinsa su tsaya a shimfiɗe, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, alhali iska na dukan ƙwauri da damatsa. Ya ɗan karkata baya, sai ya zarce gaba. Ya sunkuya, sai ya yi baya. Mai kai a ƙasa kuwa da ƙafafu yake tuƙi, kuma idan tsakiyar jikinsa sako-sako ce, motsin ƙafa ɗaya sai ya karya shi a ƙugu. Naman cikin da ke can ciki, da na gefen haƙarƙari, da na ɗuwawu, da na gadon baya, aikinsu shi ne su hana jiki motsin da ba a nema ba. Amma wanda ya sandare gaba ɗaya shi ma ya faɗi, don ba zai ji abin da iska ke yi masa ba. Dubi mai ɗauke da tulun ruwa a ka: wuya da ƙugu a tsaye suke, kuma kowane taku sai sun yi ɗan gyaran da ido ba ya gani.

Rashin wannan iko haɗari ne na gaske. Wanda ya kuɓuce ya koma ruf-da-ciki gudunsa yana raguwa nan take, na samansa kuma ya afko masa da bambancin gudun da ke iya kisa. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi idan ya rikice ya dunƙule ya ci gaba da gudu, akasin tsohon darasi. Masu ɗinka jakar laima su ma sai da suka sake fasali, suka rufe igiyoyi da marfin da iska ba za ta yaye ba.

Sai bututun iska ya zo, wanda ke hura iska sama mutum ya yi shawagi a ciki ba tare da ya diro daga jirgi ba. Jack Tiffany ya yi shawagi a irinsa tun 1964 a sansanin sojan sama na Wright-Patterson, an buɗe na 'yan kasuwa a Las Vegas a 1982, sannan SkyVenture ta buɗe nata a Orlando a 1998. Da aka samu masu ƙarfin ɗaga mai kai a ƙasa, awa ɗaya a ciki ta zama daidai da dira fiye da sittin. Bututun ya tona abin da daƙiƙa 45 ke rufewa: bayan zagaye da yawa kafaɗa ta mutu, ƙugu ya saki, siffa ta lalace. Daga nan masu wasan suka koma motsa jiki a ƙasa da gaske. Suka ɗauki dogara a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe, da irin ta gefe ɗaya, da miƙe hannu da kishiyar ƙafa daga rarrafe, waɗanda Stuart McGill na Jami'ar Waterloo ya yayata biyun ƙarshe don lafiyar baya. Suka haɗa da tsarin Joseph Pilates, da yoga, da tsayuwa da hannu a jikin bango. Koyo ma ya samu tsani: ciki, sai rigingine, sai zama, sannan kai a ƙasa.

Abu ɗaya nake jin tsoro game da 'yan bututu. Bango yana nuna musu inda suke, ƙasa ba ta tunkaro su, kuma babu laimar da za su buɗe. Matashi yakan fito da jiki mai biyayya fiye da na tsofaffin hannu, amma bai saba duba ma'aunin tsayi ba. A sama kuwa ba a wasa da tsayi: a Yulin 2015, mutum 164 suka riƙe juna kai a ƙasa a samaniyar Skydive Chicago da ke jihar Illinois. Haɗuwar 'yan daƙiƙoƙi ce. Bayanta kowannensu sai da ya juya a kan lokaci, ya bi layinsa ya nisanta da sauran, ya rage gudu, sannan ya kai hannu ga laima.