Carmen Jones: fim ɗin waƙa da ya faro daga dandali

Carmen Jones fim ne na waƙa da aka fitar a Amurka a 1954. Otto Preminger ya ba da umarni, kuma dukkan 'yan wasan baƙaƙen fata ne, abin da ba kasafai Hollywood ke yi ba a wancan zamani.

Asalinsa

Tushen labarin Faransa ne. Prosper Mérimée ya rubuta shi a 1845, Georges Bizet ya mayar da shi wasan opera a 1875. A 1943 Oscar Hammerstein II ya riƙe kiɗan Bizet, ya sa masa sabbin baitoci da Turanci, aka nuna wasan a dandalin Broadway na birnin New York. Daga wannan wasa aka ɗauko fim ɗin.

Labarin

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Carmen tana aiki a masana'antar ɗinka lemar saukowa daga jirgin sama. Ta sace zuciyar wani soja mai suna Joe, ya bar budurwarsa, ya gudu daga aikin soja ya bi ta Chicago. Da ta koma wa ɗan dambe Husky Miller, kishi ya sa Joe ya shaƙe ta har lahira.

Muhimmancinsa

Dorothy Dandridge, wadda ta fito a matsayin Carmen, ita ce baƙar fata ta farko da aka sa cikin masu takarar kyautar Oscar ta babbar jaruma. Ba ta samu ba; sai a 2002 Halle Berry ta zama ta farko da ta ci. Ko da yake Dandridge da Harry Belafonte, mai fitowa a matsayin Joe, mawaƙa ne, muryoyin wasu aka ɗora musu, kamar yadda ake yi a finafinan Indiya da na Kannywood. A Faransa kuwa, rigimar haƙƙin mallaka ta hana nuna fim ɗin a gidajen sinima har 1981.

Carmen a Afirka

A 2001 Joseph Gaï Ramaka na Senegal ya shirya Karmen Geï. Mabiya ɗariƙar Muridiyya sun yi zanga-zanga saboda an rera ƙasidar Shehu Ahmadu Bamba a cikinsa, hukuma ta dakatar da nuna shi. A 2005 U-Carmen eKhayelitsha na Afirka ta Kudu, da aka rera da harshen Xhosa, ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Berlin.